Jirgin Feshi Maras Matuƙi: Abin Da Mai Sayen Lambu Zai Tambaya

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai. Mu mutanen Hanwa mun saba da ƙarar jirgi, domin Makarantar Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa a 1964, maƙwabciyarmu ce. To yanzu ga wani ƙaramin jirgi ya fito, ba matuƙi a ciki, yaro na ƙasa yana sarrafa shi da hannu, yana feshin maganin ƙwari a lambu.

Amfaninsa a fili yake. Injin goyo mai lita 16 ba ya kai wa ƙololuwar tsohon mangwaro, wani kaso na maganin a jikin mai feshi yake ƙarewa. Shi kuwa jirgin, kamar DJI Agras T30, lita 30 yake ɗauka, ya bi ta saman itace, iskar farfelarsa ta tura maganin cikin ganye.

Amma fa da sharaɗi. Ruwa kaɗan yake sha, saboda haka maganin da kauri yake fita, kuskuren awo kaɗan sai ya zama babba. A yi feshi da sassafe ko bayan la'asar, iska kwance. In iskar hunturu ta taso, maganin gonar maƙwabci zai tafi. Kada a fesa mangwaro yana fure, a kashe ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke sa shi ɗaura 'ya'ya. Ƙudan nan mai sa tsutsa a mangwaro da gwaiba, wanda aka fara gani a Afirka a Kenya a 2003, feshi kaɗai ba ya gama da shi, sai an riƙa tsince 'ya'yan da suka faɗo ana binnewa. Kuma tun 2016 hukumar NCAA ta hana tada irin wannan jirgi ba izini, balle mu da filin jirgi ke bayan gidajenmu.

Ga inda maganar ta shafi jarinmu. Mu masu hatsi mun sha ɗacinta: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda ragowar maganin da muke kira fiya-fiya. Kowane magani yana da kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka, a rubuce a jikin kwalba. Jirgi bai rage ko kwana ɗaya ba.

Saboda haka in za ka sayi lambu yana kan itace, kafin ka ba da kafin alƙalami, tambayi abu uku: wane magani, wace rana, wa ya fesa. A nuna maka kwalbar. In rubutun ya gagare ka, malaman gona na Samaru ba nisa. Mangwaron nan bakin 'ya'yanmu zai fara shiga.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Haza wassalam.