Keken Guragu A Filin Jirgin Sama: Amana Ce

Duk wanda Allah ya nufe shi da tafiya ta jirgin sama, ko daga filin Malam Aminu Kano zuwa Jidda, ko zuwa wata ƙasa ta Turai, ya ga irin wahalar da a ke sha kafin a kai ga ƙofar jirgi. Sai ka bi layin awon kaya, ka bi na duban fasfo, ka bi na bincike, sa'an nan ka taka doguwar hanya da jaka a hannu. Kana cikin wannan hali sai ka ga wani ma'aikaci ya turo mutum a keken guragu, an dare an ba su hanya, sun shige gaban kowa. Nan ne zuciya kan raɗa wa mai lafiya cewa, "Ai da ni ma na ce ba na iya tafiya, da tuni na huta." A kan wannan raɗa mu ke so mu yi magana da 'yan'uwanmu akawuna da malaman makaranta, domin ta wuce raɗa, ta zama ɗabi'a a wurin waɗansu matafiya.

Bari mu fara da asalin abin. A shekarar 1986 majalisar Amurka ta kafa doka wadda ta hana kamfanonin jiragen sama nuna wa naƙasassu bambanci, ta kuma ɗora musu nauyin taimakonsu wajen shiga jirgi da fita. A shekarar 2006 Tarayyar Turai ta yi tata, wadda ta kama aiki sosai a 2008, amma ita a kan hukumar filin jirgi ta ɗora nauyin, ta kuma nemi mai buƙata ya sanar tun da sauran sa'a 48. Mu ma a Nijeriya an sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairu na 2019. A Amurka da Turai kyauta a ke yin wannan taimako, ba a karɓar ko anini daga hannun matafiyi.

Kamfanoni sun kasa masu neman keke kashi 3. Akwai wanda ya ke iya hawan matakala amma doguwar tafiya ta fi ƙarfinsa. Akwai wanda ba ya iya hawan matakala. Akwai kuma wanda ba ya iya ko taku ɗaya, sai an kai shi har kujerarsa. Abin lura a nan shi ne, galibi ba a tambayar kowa takardar likita. Mutum ya ce yana bukata, shi ke nan, an gaskata shi. Da gangan aka yi haka, don kada a tilasta wa mara lafiya ya tona asirin jikinsa a gaban baƙi duk sa'ad da zai yi tafiya. Watau dai tsarin gaba ɗaya a kan amana aka gina shi.

To, ga yadda aka yi da amanar. A watan Yuli na 2022, lokacin da filayen jiragen Ingila su ka cushe saboda ƙarancin ma'aikata bayan annobar korona, John Holland-Kaye, wanda ya ke shugaban filin Heathrow na London a lokacin, ya koka a gidan rediyo cewa waɗansu masu lafiya suna neman keke don su tsallake layi, har ana koya wa mutane dabarar a dandalin TikTok. A watan Mayu na 2024 kuma Barry Biffle, shugaban kamfanin Frontier na Amurka a wancan lokaci, ya ce ya ga jirgin da aka turo mutum 20 a keke wajen tashi, amma da aka sauka 3 kaɗai su ka nema. Ya ce kowane turi ɗaya yana cin kamfani dala 30 zuwa 35. Har ma'aikatan jirage sun laƙaba wa irin wannan tafiya suna na ba'a, wai jirgin mu'ujiza, inda gurgu ke warkewa a sararin sama.

Mai yin wannan dabara ya kan ce, "Wa na cuta? Ai kamfani ne mai kuɗi." Wannan magana ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Kekuna ƙidayayyu ne, masu turawa ma ƙidayayyu ne. Ma'aikacin da ya tafi da mai lafiya zuwa ƙofa mai nisa, ya bar wani a zaune yana jira. Wannan wanin kuwa ba shi da zaɓi. Idan jirgi ya sauka kowa ya kwashi kayansa ya fita, shi yana nan a kujera sai an zo. A watan Maris na 2018 Frank Gardner, wakilin BBC wanda 'yan bindiga su ka harbe a Riyad a 2004 ƙafafunsa su ka shanye, ya yi fiye da sa'a ɗaya da rabi a cikin jirgi a Heathrow bayan kowa ya fita, domin an yi kuskure da kekensa. Ba maƙaryata ne su ka jawo masa wannan ba, sakacin ma'aikata ne. Mun kawo shi ne don mai karatu ya ga yadda jira ya ke ga wanda ba ya iya miƙewa. Aikin da ya ke ɗingishi tun ba a ƙara masa kaya ba, ina ga an ƙara?

Ɓarna ta biyu ta fi ta farko muni. Mu da mu ke aiki a kwalejin horon malamai mun san ta sarai. Idan ɗalibai biyu ko uku su ka riƙa ƙirƙiro ciwon ciki duk ranar aikin gona, ba da daɗewa ba sai malamin asibiti ya fara duban kowane yaro da idon zargi, har ranar da mai zazzaɓi na gaskiya zai zo a kore shi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Haka ya ke a filin jirgi. Akwai mai ciwon zuciya, da mai asma, da mai ciwon sikila, da wanda aka yi wa aiki makon jiya. Duk suna iya taku 20 amma ba sa iya tsayuwar sa'a guda. Da irin wannan ya miƙe daga keke don ya shiga bayan gida, sai idanu su yi caa a kansa. Maƙaryaci ya ci, an bar mai gaskiya da biyan bashi. Don irin waɗannan bayin Allah ne filin Gatwick ya fito da wata igiyar wuya mai hoton furen sunfulawa a 2016, alamar cewa mai ita yana da larurar da ido ba ya gani.

Saboda haka kada kowa ya karanta wannan ya naɗa kansa alƙali a filin jirgi. Ko lissafin 20 da 3 ɗin nan bai isa shaida a kan kowa ba, domin sau da yawa wahalar tashi ta fi ta sauka: wajen tashi ne a ke doguwar tsayuwa, wajen sauka kuwa a tafiyar cikin gida ba wani bincike. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Hukunci yana ga mutum da zuciyarsa.

Saura wata matsala wadda ta shafe mu kai tsaye. Mutum zai tura gyatumarsa Umra ko ziyarar jikoki a Ingila, ita kaɗai. Ƙafarta lafiya lau, amma ba ta jin Turanci, ba ta karanta allo. Sai ya rubuta mata keke don ta sami mai yi mata jagora. Ba mu ce wannan ɗaya ne da saurayin da ke gudun layi ba. Tausayi ne ya kawo shi. Amma abin da ya fi kyau shi ne a gaya wa kamfani gaskiyar bukatar, a tambayi ko suna da ɗan rakiya, ko a haɗa ta da amintaccen abokin tafiya. In kuwa shekaru sun sa doguwar tafiya tana galabaitar da ita, to keke hakkinta ne, kada ta ji kunya, kada kuma a hana ta.

Ma'aunin da mu ke ba da shawara mai sauƙi ne. Mutum ya tambayi kansa: da a ce keken nan ba ya tsallake layi, da a ce ma zai sa in zama na ƙarshen fita, zan neme shi? In amsa i ce, ya nema da zuciya ɗaya. In a'a ce, ya ɗauki jakarsa ya bi sahu, ya gode wa Allah da ya ba shi ƙafar tsayuwa.

Akawu ya san abin da a ke kiran wanda ya sa hannu ya karɓi kuɗin da ba nasa ba. Malami kuma ya san yara sun fi koyon abin da su ka gani bisa abin da su ka ji. Yaron da ya ga ubansa ya zauna a keke a Kano ya miƙe garau a Jidda, ya riga ya haddace darasin da zai wuya a kankare. Lalle wata rana tsufa ko ciwo zai zaunar da waɗansunmu a wannan keke ba da sonmu ba. Allah ya sa ran nan mu tarar da mai turawa yana nan, ya kuma gaskata mu.