Barin Aikin Albashi Don Tuƙin Tirela: A Yi Lissafi Kafin A Miƙa Takarda

A 'yan shekarun nan akwai wata magana da ta yawaita a majalisun zangunanmu, tun daga Nima da Mamobi da Ashaiman har Aboabo ta Kumasi. Maganar kuwa ita ce albashi ba ya kai ƙarshen wata, saboda haka gara mutum ya ajiye aiki ya kama tuƙin babbar mota zuwa arewa. Masu wannan tunani magidanta ne masu aikin yi. Akwai malamin makaranta a cikinsu, akwai akawu, akwai direban ofis wanda ya shekara goma yana jan ƙaramar mota. Abin ya ƙara ƙarfi tun 2022, shekarar da hauhawar farashin kaya a Gana ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, albashi kuwa yana nan inda yake. Gudun farashin ya lafa daga baya, amma tunanin bai bar zukatan mutane ba.

Ba laifi ba ne mutum ya nemi abin da ya fi, domin zomo ba ya kamuwa daga zaune. Sai dai yawancin masu shirin nan suna kwatanta albashin wata guda ne da kuɗin da suka gani a hannun direba ranar da ya dawo daga Wagadugu. Wannan lissafi bai cika ba. Wanda zai yanke shawara ya kamata ya ɗora shekara guda cur ta ma'aikaci a kan sikeli, ya ɗora shekara guda cur ta direba, da ribarta da asararta, sa'an nan ya duba inda ya rinjaya.

HANYAR DA KAKANNI SUKA BI

Doguwar tafiya da kaya ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Kakanninmu fatake ne da suka riƙa zuwa Gwanja, su kawo kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga, su koma da goro bisa jakuna, madugu yana jagorantar ayari. Ita kanta kalmar zango, wadda unguwanninmu ke amsawa, asalinta wurin da ayari ke sauka ne. Shi ya sa har gobe za ka tarar da yaran zango da yawa a cikin direbobin manyan motoci, kuma harshen Hausa yana yi wa matafiyi amfani a tashoshi daga Tema har Yamai.

Yau tirela ce ta maye gurbin jaki. Babbar hanyar tana tashi daga tashar jiragen ruwa ta Tema, wadda aka buɗe a 1962, ta bi ta Kumasi da Techiman da Kintampo, ta haye gadojin Buipe da Yapei, ta ratsa Tamale da Bolgatanga, ta isa kan iyaka a Paga. Daga Tema zuwa Wagadugu kimanin kilomita 1000 ne. Burkina Faso da Mali da Nijar ba su da teku, dole kayansu su biyo ta tashoshin maƙwabta, kuma tun rikicin Kodebuwa na 2002 kaya masu yawa suka karkato zuwa Tema. Ana hawa da shinkafa da sukari da ƙarafa da kwantena, a sauko da auduga da ƙwarar kaɗanya da riɗi, ko albasar Nijar da ake kaiwa kasuwar Adjen Kotoku, ko shanun da ake saukewa a Tulaku ta Ashaiman. Aiki dai akwai shi. Abin tambaya shi ne wa ke cin ribarsa, kuma nawa ke saura bayan an cire wahala.

ABIN DA MA'AIKACI ZAI BARI A BAYA

Kafin a duba abin da ke gaba, a fara ƙidaya abin da ke hannu. Ma'aikaci yana karɓar abubuwa da yawa da ba ya ganinsu a aljihu. Bisa dokar fansho ta 2008, ana cire kashi 5.5 cikin 100 na ainihin albashinsa, mai aikin kuma ya ƙara kashi 13, a zuba masa a asusun tsufa. A matsayin misali, wanda ainihin albashinsa sidi 3000 ne, mai aikinsa yana zuba masa sidi 390 kowane wata, wato sidi 4680 a shekara. Ranar da ya ajiye aiki wannan kuɗi ya tsaya.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Hukumar SSNIT ba ta biyan fansho na wata-wata sai ga wanda ya zuba na wata 180, wato shekara 15. Wanda ya cika wannan adadi yana da haƙƙin kashi 37.5 cikin 100 na matsakaicin albashinsa na shekaru uku mafi tsoka, kuma kowace shekara da ya ƙara tana ɗaga kason har ya tsaya a kashi 60. Wanda bai cika ba, kuɗinsa za a mayar masa dunƙule da ɗan abin da suka haifa, shi ke nan. To, mutumin da ya yi shekara 12 a bakin aiki yana da wata 144, saura 36 kawai. Idan ya fita bai shirya yadda zai ci gaba da zubi ba, ya yi sakin reshe ya kama ganye. Mai sana'ar kansa yana iya ci gaba da zubawa SSNIT da hannunsa, hukumar ma ta ƙaddamar da shiri na musamman domin irinsu a 2023, amma a nan shi kaɗai zai ɗauki nauyin, kuma zubi a watan da mota ke gareji sai mai ƙarfin hali.

A ƙara da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 15 da cikakken albashi, wanda dokar ƙwadago ta 2003 ta tanada. A ƙara da cewa in ma'aikaci ya kwanta ciwo albashinsa ba ya yankewa nan take, kuma banki ya fi saurin ba shi rance saboda takardar albashi. Duk waɗannan kuɗi ne, ko da ba a ƙirga su a hannu.

BA A FARAWA DAGA SITIYARI

Mutane da yawa sun ɗauka wanda ya iya jan ƙaramar mota ya iya jan tirela. Hukumar DVLA ba ta ɗauka haka ba. Lasisin ƙaramar mota ajin B ne, na tirela kuwa ajin F ne, kuma ana hawa ne mataki-mataki, ana ɗaukar shekaru tare da gwaji a kowane mataki. Ko lasisin ya zo hannu, babu mai motar da zai miƙa wa baƙo dukiyar da ta fi gidansa tsada alhali bai taɓa ganin ya juya da baya a cikin tasha ba.

Saboda haka ƙofar shiga ita ce zama yaron mota. Shi ne mai ɗaure tamfol, mai sa waigi a tudu, mai canza taya cikin rana, mai kwana a ƙarƙashin mota yana gadin kaya. Abin da yake samu ɗan kuɗin abinci ne da abin da maigidansa ya ga dama. Saurayi ɗan shekara 20 yana iya jure wannan. Magidanci ɗan shekara 40 mai 'ya'ya huɗu a makaranta ya tambayi kansa wa zai riƙe gidan a tsawon wannan koyo, kuma ko zuciyarsa za ta ɗauki tsawa daga direban da bai kai ƙaninsa ba.

LISSAFIN DIREBA DA NA MAI MOTA

Direban da ke jan motar wani yakan sami ɗan albashi da kuɗin hanya na kowace tafiya. Manyan kamfanonin man fetur da na siminti sukan rubuta yarjejeniya su biya SSNIT. A wurin yawancin masu mota ɗaya ko biyu kuwa, magana ce ta baki. Damin kuɗin da ake gani a hannun direba ranar tashi yawancinsa ba nasa ba ne. Na dizal ne, da na shingayen hanya, da na takardun kan iyaka, da na abincinsa da yaransa.

Babban abin da ke cin ribar direba shi ne jira. Tuƙin Tema zuwa Wagadugu 'yan kwanaki ne, amma akwai jiran lodi a tasha, da jiran takardun kwastan, da layin Paga da Dakola, da jiran a sauke kaya, da jiran abin da za a dawo da shi. Kayan da ke hawa arewa sun fi masu saukowa yawa, saboda haka mota takan dawo wayam ta sha mai a banza. An kuma daɗe ana bin ƙa'idar raba kayan wucewa wadda ke ba motocin ƙasar da ta yi odar kashi biyu cikin uku, motocin ƙasar tasha kashi ɗaya. Mai tambaya kada ya tsaya ga nawa ake samu a tafiya guda. Ya tambayi direba tafiya nawa ya yi bara gaba ɗaya, kuma wata nawa ya zauna.

Wanda kuwa ke shirin tattara kuɗin sallama da rance ya sayi tsohuwar tirela ya zama mai mota, nasa lissafin ya fi tsanani. Mota mai lodi tana iya shan lita 40 ko fiye a kilomita 100, wato kimanin lita 800 zuwa da dawowa. Babbar tirela mai layin tayoyi shida tana tsaye ne a kan taya 22, kowace da farashinta. Ga inshora, ga katin inshorar ƙetare iyaka, ga kuɗin ƙungiya, ga kamashon dillalin da ya samo lodi. Ga kuma sikelin hanya, domin dokar ƙasashen sefa ta 2005 ta ƙayyade tan 11.5 a kan layin tayoyi guda mai jan mota, kuma hukumar manyan hanyoyin Gana tana da nata wuraren awo. Wanda ya yi lodi fiye da kima don ya cike giɓi, tara na jiransa, motar kuma ta tsufa da wuri. Inji ɗaya in ya buga a dajin Kintampo yana iya cinye ribar wata shida, banki kuwa ba ya jin wannan uzuri.

RAI DA LAFIYA DA IYALI

Dokar hanya ta 2012 ta hana direban haya tuƙi fiye da awa 4 a jere ba hutu, ko fiye da awa 8 a yini. Kowa ya san yadda ake take ta saboda gaggawar mai kaya. Daga nan ne wasu ke faɗawa shan ƙwayoyin hana barci, abin da ke ƙarewa da lalacewar lafiya ko kifewa a rami. Ba a manta da haɗarin Fabrairun 2016 kusa da Kintampo ba, inda motar safa ta yi karo da motar tumatir, mutum fiye da 50 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ban da haɗari, akwai ciwon baya da hawan jini da zazzaɓin sauro da kwanan daji ke jawowa.

Hanyar arewa kuma ta canza. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakarta da Benin, manyan motoci suka koma bi ta arewacin Burkina cikin ayari da rakiyar soja. A Janairun 2025 Burkina Faso da Mali da Nijar suka kammala ficewa daga ECOWAS. A Satumban 2025 masu ɗauke da makamai suka shiga ƙona tankokin mai a hanyoyin shiga Mali. A cikin gida ma rikicin Bawku da ya sake tashi a 2021 ya taɓa matafiya. Inda kuɗin tafiya ya yi tsada fiye da kima, mutum ya tambayi dalili.

Sai maganar gida. Direban doguwar hanya yakan yi mako biyu ko uku bai ga iyalinsa ba. Suna da biki da jana'iza duk sukan wuce shi. Tarbiyyar yara da cefane da zuwa asibiti cikin dare duk suna komawa kan uwargida. Saboda haka ita ce ta farko da ya kamata a zauna da ita, kafin abokan majalisa.

GA MAI NIYYA

Duk da haka akwai waɗanda tirela ta yi wa rana, suka gina gidaje, suka ilmantar da 'ya'ya, suka sauke farali. In ka bincika za ka tarar yawancinsu sun shiga da ƙuruciya, ko sun gaji sana'ar, ko sun sami kamfani mai lodi a kai a kai. Wanda ke son bin sawunsu daga kujerar ofis ya bi a hankali.

Ya fara ɗaga lasisinsa tun yana bakin aiki. Ya je ofishin SSNIT ya karɓi takardar zubinsa ya ga wata nawa ya tara, in ya kusa 180 ya daure ya cika. Ya yi amfani da hutunsa na shekara ya bi wani amintaccen direba tafiya guda cikakkiya a matsayin yaron mota, da jiranta da kwanan dajinta, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya koyi ɗan Faransancin da zai fid da shi a shinge. Ya tanadi abin da zai riƙe gida aƙalla wata shida. Ya nemi rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi albashi da kuɗin hanya da wanda zai ɗauki asara in kaya sun lalace. Kada ya sayi mota sai ya ja ta wani ya san cikinta. In kuma zai tafi, ya ba da sanarwar da doka ta ce, wata guda ga wanda ya shekara uku ko fiye, a rabu da mutunci, domin wata rana yana iya bukatar wannan ƙofa.

Wanda ya yi duk wannan ya ga lissafi ya fita, to ya ɗaura ɗamara, Allah ya tsare hanya. Wanda kuwa lissafi bai fitar masa ba, ya riƙe aikinsa ya nemi wata 'yar sana'a a gefe, bai yi asarar komai ba sai hutun shekara guda.