Kututture Bai Mutu Ba: Darasi Daga Manoman Maraɗi

Jama'a, idan wahala ta yi tsanani, mutum yakan ga kamar komai ya ƙare. Amma sau da yawa abin da zai tashe shi yana nan kusa da shi, bai dai lura ba ne. Labarin manoman Maraɗi a ƙasar Nijar ya nuna mana haka.

A shekarar 1973 an yi fari mai tsanani a ƙasar Hausa. A 1984 aka sake yin wani. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka zama wayam. A lokacin gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, domin an sare itatuwa. Iska tana kwashe ƙasa mai kyau, rairayi yana binne shuka. Manomi yakan yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. An yi ta dashen itatuwa, amma yawancinsu sun bushe.

A 1983 wani malamin gona mutumin Ostireliya, mai suna Tony Rinaudo, ya lura da wani abu a can. Ƙananan tsirran da ake gani a gonaki ba ciyawa ba ne. Toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare. Saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Kowace shekara sai ta yi toho, kowace shekara sai a sassabe shi a ƙone.

Daga nan aka soma abin da ake kira sassaben zamani. Ga yadda ake yin sa:

1. Lokacin sharar gona, kada ka sare dukan tohon da ke kan kututture.
2. Zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka bar su.
3. Yanke sauran da wuƙa ko gatari mai kaifi.
4. Kare su daga wuta da awaki.
5. Riƙa komawa kana rage sabon toho.

Me ya sa wannan ya fi dashe sauri? Domin tsohuwar saiwa ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, tana samun laima. Ba ta bukatar ban ruwa, ba ta bukatar kuɗi.

Da farko mutane sun yi ta dariya, suna cewa gonar malalaci ce. Lokacin yunwar 1984, an ba manoma abinci domin su bar itatuwa a gonakinsu. Da yunwa ta wuce, da yawa suka sake sare su. Amma wasu suka daure. Maƙwabta suka ga amfanin da suke samu, sai suka yi koyi da su.

Amfanin kuwa yana da yawa. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi. Kalgo da sabara suna tare iska. Mata suna samun itacen girki kusa da gida. Idan damina ta ƙi, a sayar da itace a sayi hatsi.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman a Maraɗi da Damagaram. Talakawa ne suka yi wannan aiki da hannunsu.

Hausawa sun ce, komai nisan dare gari zai waye. Amma manoman Maraɗi ba su zauna jiran wayewar gari ba. Sun duba abin da ya rage musu, suka raine shi. Kai ma idan za ka yi sassabe bana, dubi kututturen da ke gonarka kafin ka ɗaga gatari.