Zaɓen Uwar-Allo Mai Rahusa Don Kwamfutar Gida

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. A kasuwar kayan kwamfuta wannan zance gaskiya ne, sai dai ba abin damuwa ba ne, domin ado bai taɓa riƙe wata na'ura ba. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana inda ya halatta mai ƙaramin ƙarfi ya yi tsimi wajen sayen uwar-allo, da kuma inda tsimin ke zama hasara.

Uwar-allo, wadda masu gyara ke kira madabod, ita ce faffaɗan allon nan da ke cikin akwatin kwamfuta, wanda furosesa da ma'adanar RAM da faifan ajiya ke hawa kansa, su riƙa isar da saƙo ga juna ta siraran layukan jan ƙarfe. Tun shekarar 1995 da kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX, girman allon da gurbin kusoshinsa suka zama bai ɗaya. Cikakken ATX milimita 305 ne a 244, ƙanensa microATX kuwa, wanda ya biyo baya a 1997, bai wuce 244 ta kowane gefe ba. Ƙaramin ya ishi aikin gida, ya kuma fi sauƙin kuɗi. A nan tsimi ba ya cutarwa.

Furosesa ake fara zaɓa, sa'an nan a nemo allon da ke da mazauninta, domin ta kamfanin AMD ba ta zama a mazaunin Intel. AMD ya fito da mazaunin AM4 a 2016, ya ci gaba da yi masa sababbin furosesoshi har bayan zuwan AM5 a 2022, shi ya sa kayansa suka wadata, suka yi araha. LGA 1700 na Intel ya zo a 2021, aka gaje shi da LGA 1851 a 2024. Haka nan RAM iri biyu ce, DDR4 da DDR5, kuma ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya. AM4 na ɗaukar ta farko, AM5 ta biyu kaɗai, allunan LGA 1700 kuwa kowanne da irin tasa, don haka wajibi ne a karanta jikin kwali. Har ila yau, allon da ya daɗe a kanti, kamar B450 na 2018, yana iya ƙin tashi da sabuwar furosesa sai an sabunta masa BIOS.

To, amma jigon maganar yana wani ɓangare da mai saye ba ya ko kallo, wato jerin ƙananan na'urorin da suka kewaye mazaunin furosesa. Aikinsu shi ne su karɓi wuta mai ƙarfin bolt 12, su sauke ta zuwa bolt ɗaya da 'yan kai. Furosesar da ke cin wat 65 a kan bolt 1.2 tana jan amfiya fiye da 50, kuma duk ta cikin waɗannan 'yan ƙwayoyi wutar ke bi, tana barin zafi a jikinsu. Allon kirki yakan rufe su da ƙarfen alminiyam mai shanye zafi. Mafi arahar allo yakan bar su tsirara, in sun yi zafi sai kwamfutar ta rage gudu don ta tsira, ko ta mutu ana tsakiyar aiki.

Kusa da su akwai kafasitoci. Injiniyoyi suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanan kafasita mai ruwa biyu. A farkon shekarun 2000 an yi annobar kafasitoci masu gurɓataccen ruwa, waɗanda suka riƙa kumbura suna tsiyaya, suka kashe alluna masu ɗimbin yawa a duniya. Bayan haka ne masu ƙera alluna suka koma ga busassun kafasitoci masu jure zafi. Wannan batu ya fi shafar mazauna Kano da Sakkwato da Yamai, inda zafin bazara kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta toshe fanka. Saboda haka allo mai sanyayyen ɓangaren wuta, ko da ba shi da fitilu masu launi, ya fi mai ƙyalli wanda aka bar wannan ɓangare nasa a buɗe.

Wanda zai sayi na gwanjo kuwa, sai ya duba kan kafasitoci ko sun kumbura, ya duba alluran mazaunin Intel a wuri mai haske, domin allura guda in ta lanƙwashe tana iya hana allon tashi. Batirin CR2032 in ya mutu ba aibi ba ne, ana sake shi. Kada ya biya sai an kunna allon a gabansa, ya ga hoto a fuskar kwamfuta. Daga abin da ya rage masa, ya sayi akwatin wuta mai inganci da na'urar UPS, saboda wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke ta, ko ta janareta mai hawa da sauka, tana ƙone allo mai tsada kamar yadda take ƙone mai araha.