Ko Kun Sani? Ruwan da Maƙabarta Take Bukata

Maƙabarta tana bukatar ruwa kamar yadda unguwar masu rai take bukatarsa, domin a al'adar binne mamaci ta ƙasar Hausa, bayan an kwantar da gawa a ƙaramin ramin da ke cikin kabari, akan jera itatuwa ko fasassun tukwane a bakinsa, sannan a kwaɓa ƙasa a liƙe duk wata kafa kafin a tura busasshiyar ƙasa, a kuma yayyafa ruwa a kai don ta kwanta.

A yankin Dutsin-Ma da Kurfi, inda ƙasa take zaune a kan dutse har rijiyoyi da yawa sukan ja baya da rani, a da masu rakiyar gawa ne suke ɗauko ruwan a tulu daga rijiya ko rafi, daga baya 'yan garuwa suka riƙa kawo shi a jarkoki. Ko da yake an kammala madatsar ruwa ta Zobe da ke yankin, a kan kogin Karaduwa, tun 1983, sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin tace ruwanta da rarraba shi. Maƙabartu da dama a Arewa sun dogara ne ga rijiyar burtsatse da masu hali suke haƙawa a matsayin sadaka mai gudana, wato alherin da ladansa ba ya yankewa bayan mutuwa, suna koyi da Sahabi Sa'adu ɗan Ubada wanda ya haƙa rijiya domin mahaifiyarsa da ta rasu.