Mai Ɗaukar Hoton Ciki Yana Motsi

Hoton asibiti da yawancinmu muka sani shi ne na ƙirji ko na karaya: ka tsaya, a ce ka riƙe numfashi, a ɗauka sau ɗaya. Amma akwai ciwon da ba ya bayyana sai gaɓa tana cikin aikinta. Dattijon da tuwo ke tsaya masa a maƙoshi, matar da ta daɗe ba haihuwa ana son a san ko hanyoyin mahaifarta a buɗe suke, likitan ƙashi da ke cusa ƙarfe cikin cinyar wanda ya yi haɗari yana son ganin inda bakin ƙarfen ya dosa, duk waɗannan hoto mai motsi suke bukata. Na'urar da ke yin sa ita ce fuloroskofi, kuma mai sarrafa ta ma'aikacin hoto ne wanda ba kasafai majinyaci ke tuna fuskarsa ba.

Tulun da ke fitar da hasken eksire yakan zauna ƙarƙashin gado. Hasken ya ratsa jiki, ƙashi ya tare da yawa, tsoka ta tare kaɗan, abin da ya tsira ya faɗa kan makarɓin da ke sama, shi kuma ya mai da shi hoto a allo nan take. Da yake hanji da jijiyoyi ba sa tare hasken sosai, sai a ba mutum farin ruwan bariyam mai kauri ya sha, ko a tura ruwa mai ayodin. "Baba, haɗiye yanzu," in ji ma'aikacin, sai ga ruwan yana gangarowa a allo har inda hanya ta ƙuntata.

Wannan sana'a ta ci rayuka kafin ta yi hankali. Wilhelm Röntgen ya gano hasken a Jamus a 1895, shekara na zagayowa Thomas Edison ya ƙera allon kallo a Amurka. Mataimakinsa Clarence Dally, wanda ya riƙa sa hannuwansa gaban hasken, ya rasa hannuwan sannan ya mutu a 1904, kuma Edison ya bar harkar. Shekaru da dama bayan haka hoton bai da haske, dole likita ya sa jan tabarau na tsawon mintuna kafin idonsa ya saba da duhun ɗaki.

Abin da ya fitar da likitoci daga duhu shi ne tulun ƙara haske, wanda John Coltman na kamfanin Westinghouse ya bayyana a 1948. Babban tulu ne da aka zuƙe wa iska. A bakin irin da aka inganta daga baya akwai shimfiɗar sinadarin siziyam ayodaid mai mai da eksire haske na gani, hasken ya saki ilektron, wuta mai ƙarfin bolt dubu 25 zuwa 30 ta fizge su ta tattara su kan wani ɗan allo da faɗinsa bai wuce santimita uku ba. Wannan matsewa da wannan gudu su ke ninka hasken sau dubbai, sannan kyamara ta ɗauka. Ana gane na'urar da zagayayyen hotonta. Aibobinta kuwa ma'aikaci ya san su kamar yunwar cikinsa: gefen hoto ya fi tsakiya duhu, miƙaƙƙen layi yakan lanƙwashe a baki-baki, har maganaɗisun ƙasa yakan karkatar da ilektron ɗin ya murɗe hoton. In ta tsufa haskenta ya ragu, sai na'urar ta riƙa ƙara wa majinyaci eksire don ta cike giɓin, ba wanda ya sani sai an auna.

Wajen shekarar 2000 shimfiɗaɗɗen makarɓi ya shigo. Faranti ne mai kusurwa huɗu, ba tulu ba kyamara. Iri biyu ne. Wanda ya fi yawa yana amfani da siziyam ayodaid ɗin nan, aka tsiro da shi tsaye siri-siri don haske kada ya bazu, ƙarƙashinsa miliyoyin ƙananan idanun silikon suna mai da hasken lantarki. Ɗayan, mai seleniyam, kai tsaye yake mai da eksire lantarki, don haka layinsa ya fi kaifi, sai dai bai kai na farko kama haske mai ƙarfi ba. Farantin ba ya murɗe hoto, yana nuna huhu da ƙashin baya tare ba tare da ɗaya ya dushe ba, kuma yana barin wa likita wurin aiki. Tsadarsa ce matsala, kuma in ya bugu ba a facinsa. Shi ya sa asibitoci da yawa har yau suke lallaɓa tsohon tulu, kuma ban ga laifinsu ba muddin ana auna shi.

Abin da nake ja a kai shi ne zaton cewa sabuwar na'ura kaɗai ta isa kare majinyaci. Eksire yana fita ne muddin ƙafa na kan abin takawa, kuma hoto mai kyau yana ruɗin mutum ya ci gaba da kallo. Gwani yakan taka ya ɗaga, ya bar hoton ƙarshe a allo a yi shawara a kansa. Yakan rage hotuna daga 30 a daƙiƙa zuwa 15 ko 7.5, ya tsuke bakin hasken iya wurin da ake dubawa, ya sauko da makarɓi kusa da jiki. Kafin komai zai tambaya, "Hajiya, yaushe rabonki da al'ada?" domin ɗan tayi ya fi kowa rauni gaban wannan haske, kuma hoton mahaifa ana yin sa ne bayan jini ya ɗauke da 'yan kwanaki.

A Nijeriya ana karanta wannan fanni a jami'o'i irin su Bayero a Kano da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, kuma akwai hukumar yi wa masu sana'ar rajista tun 1987. Shi kansa ma'aikacin, hasken da ke tarwatsowa daga jikin majinyaci ne ke samun sa. In ya ninka nisansa sau biyu, abin da ke isa gare shi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Yana maƙala ɗan ma'auni a ƙirji da ake karantawa lokaci-lokaci, yana sa rigar dalma mai nauyi. Rigar ba a naɗe ta, rataye ta ake yi, don naɗi yana tsaga dalmar daga ciki inda ido ba ya gani. Akan shimfiɗa ta a gadon a haska ta da na'urar, wadda aka ga tsaga a jikinta a cire ta daga aiki.