Littattafan damben boksin: wa ya tuna da wanda aka buge?

Da wuya a sami ɗan wasan da marubuta suka zubar wa tawada kamar Muhammad Ali, kuma wannan yawan ne kan rikita wanda ke son ya fara karanta tarihin damben boksin. Ma'aunin da nake bi guda ne: ina duba yadda marubucin ya yi da wanda aka buge. Yabon gwani ba ya wahala, duk ɗan kallo ya iya shi.

Littafin da ya fi suna shi ne The Fight na Norman Mailer, wanda ya fito a 1975. Labarin karon Ali da George Foreman ne a Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba 1974, zamanin da Mobutu ke mulkin Zayar. An sa wa kowannensu dala miliyan biyar, aka fara wasan wajen ƙarfe huɗu na asuba don ya dace da lokacin masu kallo a Amurka. Inda Mailer ya kwatanta yadda Ali ya jingina da igiya, ya bar Foreman yana ta ɗirkar sa har hannuwansa suka mutu, sannan ya kwantar da shi a turmi na takwas, babu mai ja da alƙalaminsa. Sai dai mutumin ya cika son a gan shi. Shafi bayan shafi labarin kansa yake yi, yana ma kiran kansa da suna kamar wani ne daban. 'Yan Zayar kuwa sun zama kayan kallo a hannunsa, abin da mai karatu ɗan Afirka zai ji a jikinsa.

Shi ya sa na fi son King of the World na David Remnick, na 1998. Kafin ya shiga labarin Ali sosai, sai da ya zaunar da mai karatu gaban mutum biyu, Floyd Patterson da Sonny Liston. Patterson zakaran duniya ne na ajin masu nauyi, amma tsoron kunya ya sa yakan zo wurin wasa da gemu da gashin baki na jabu a jaka. Da Liston ya buge shi a Chicago a 1962, cikin minti biyu da daƙiƙa shida, da wannan gemun ya sulale ya bar gari. Shi kuma Liston a kurkukun jihar Missouri ya koyi dambe, 'yan daba masu juya harkar boksin ne ke riƙe da akalarsa, karatu ma bai iya ba. Ya ɗauko kambun ya sauka a filin jirgin saman Philadelphia yana zaton gari zai fito tarbarsa, sai ya tarar da 'yan jarida ƙalilan. Wanda ya karanta wannan, idan ya iso daren 25 ga Fabrairu 1964, inda Liston ya ƙi tasowa daga kujerarsa a turmi na bakwai ya bar wa Cassius Clay, wato Ali kafin ya sauya suna, kambun, murnarsa za ta gauraya da tausayi. Remnick bai kuma rufa wa Ali asiri ba kan yadda ya juya wa Malcolm X baya.

Mai son cikakken tarihin Ali sai ya nemi na Thomas Hauser, Muhammad Ali: His Life and Times, na 1991, wanda aka gina da bakin mutanen da suka zauna da shi, ko Ali: A Life na Jonathan Eig, na 2017, wanda ya bi shi har rasuwarsa. Duka biyun manya ne, na ajiyewa a kanta a riƙa komawa.

Akwai kuma wanda masoya Ali ba sa ƙaunar jin sunansa: Ghosts of Manila na Mark Kram, 2001. Kram ya tsaya wa Joe Frazier. Lokacin da aka ƙwace wa Ali lasisi don ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, Frazier ya taimake shi da kuɗi, ya kuma yi masa faɗi-tashin a mayar masa da izinin wasa. Sakayyarsa ita ce Ali ya riƙa kiransa goggon biri da ɗan koren Turawa a gaban duniya. A Manila, ranar 1 ga Oktoba 1975, suka jibgi juna turmi goma sha huɗu cikin zafi, har kocin Frazier, Eddie Futch, ya hana shi fita na ƙarshe saboda idanunsa sun kumbura ba ya gani. Kram ya yi tsanani, a wasu wurare har ya wuce gona da iri wajen rage wa Ali daraja. Duk da haka ƙorafin Frazier gaskiya ne, kuma ya daɗe bai sami mai faɗa masa shi ba.

Tsofaffin masu karatu za su ce ina The Sweet Science na A. J. Liebling, na 1956, wanda mujallar Sports Illustrated ta zaɓa a 2002 a matsayin littafin wasanni mafi kyau. Ya cancanta, musamman babinsa kan Archie Moore da Rocky Marciano, amma Turancinsa na ƙwararru ne, ba na mai koyo ba.

Mu a nan gida muna da Dick Tiger: The Life and Times of a Boxing Immortal na Adeyinka Makinde. Dick Tiger ya kare kambunsa na duniya a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a 1963, ya buge Gene Fullmer. Bayan nan yaƙin basasar Najeriya ya cinye masa dukiya, ya yi gadi a wani gidan tarihi a New York, ciwon dajin hanta ya kashe shi a 1971 yana da shekara 42.

Mai kuɗin littafi ɗaya ya sayi na Remnick. In da saura, ya haɗa da na Kram, ya karanta su a jere.